Daƙiƙa Arba'in

Tayyib ya ba ni daƙiƙa arba'in.
Babu ƙari, in ji shi, ko hakimi ne zai yi magana.
Bayan molo ya yi shiru, kafin ƙyaure ya yi ƙara,
nan ce gonarka. Shuka abin da za ka shuka.

Ga ni a Gadarif, dare ya raba,
an ɗauke wuta tun bayan lisha,
fitilar waya jingine da buhun riɗi,
gumin hannuna yana cin takarda.

Na rubuta: Wata rana, a wani gari.
Na soke.
Wane gari ne uwarsa ba ta raɗa masa suna ba?
Na rubuta: Masu sauraro, barkanmu da warhaka.
Na soke. Wannan sallama ce daga zaure,
ni kuwa cikin gida nake so in kai su.

Wasan na 'yan'uwa biyu ne da injin niƙa guda,
uba ya cika bai ce na wane ba ne.
Shafi goma sha tara na gama tun Talata,
faɗan ya nuna, kukan ya zauna daram.
Layin farko ne kawai ya turje,
kamar jakin da ya hango gada.

Mai sauraro makaho ne da ya miƙo maka sanda.
In ka ce taɓo, sai ya tattare wando.
In ka yi masa ƙarya tun a bakin ƙofa
zai saki sandar, ya murɗa akwati,
ya koma wajen masu karanta farashin dawa.

Kuma ga harshe.
Hausarmu ta daɗe tana shan ruwa a tulun Larabci.
In na rubuta ta tsofaffi, yara su tashi,
in na rubuta ta yara, tsofaffi su yi tsaki.

Kakata Hajja Saniyya tana da rediyo ɗaure da tsumma,
tana shanya baturansa a rana kamar kuɓewa.
Ubanta da ƙafa ya taso daga yamma, Makka ya nufa,
ya tsaya nan ya yi damina ɗaya,
daminar ce har yau ba ta ƙare ba.
Makon jiya ta kira ni ta ce:
Kai, ka ce gari ya waye.
Ƙarya kake. Ban ji tsintsiya ba.

Da asuba na fita da takardar fara fat.
Ƙarƙashin darbejiya Batul tana gasa gahawa,
citta da hayaƙin gawayi suna rige-rigen shiga hanci.
Ta zuba wa wani direban tarakta, ba ta ko dube shi ba,
ta ce: Injin gidan Badamasi bai tashi ba yau ma.
Kwana uku ke nan.
Mutumin ya ajiye kofi.
Ni ma sai a lokacin na ji unguwar:
tantabaru, tari, wata tana kankare tukunya,
da wani rami a iska inda ƙarar ta saba zama.

Na ari bironta na rubuta bashi.

A ɗakin ɗauka, inda aka liƙe bango da kwalin ƙwai,
na matsa kusa da abin magana na ce:
Kwana uku ke nan ba a ji injin gidan Rabe ba.
Mata suna wucewa da ƙwaryar dawa a ka,
babu mai tambaya.

Tayyib ya dubi agogo. Goma sha ɗaya.
Ya buɗe tafin hannu ta bayan gilashi: sauran fa?
Na ce a bar musu.
A sa tsintsiya can nesa, da akuya ɗaya.

Ran Juma'a da la'asar na zauna a bakin tabarmarta.
Molo ya yi shiru. Muryata ta fito tana rawa kaɗan.
Sai sharar nan, shaf, shaf.
Wani jika ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa.
Ta karkata kai wajen tsumman,
kafin ƙyaure ya yi ƙara, kafin kowa ya ce uffan,
ta dafa gwiwata ta ce:
Wa ya rasu a gidan?